In Fuskar Kwamfuta Ta Kama Rawa, A San Ciwo Kafin A Nemi Magani

Malamai da akawuna da yawa yanzu aikinsu duk yana cikin kwamfutar nan ta tafi-da-gidanka, watau sunayen yara, da makin jarrabawa, da lissafin albashi, da wasiƙun ofis. Sabo da haka ran da fuskarta ta kama ƙyaftawa, ko layuka suka keta ta, sai hankali ya tashi. Mutum ya ruga wurin mai gyara, a ce masa fuska ta mutu, ya biya kuɗin sabuwa, alhali watakila lafiyarta ƙalau. To, ciwon nan ba iri ɗaya ba ne, kuma kowa yana iya rarrabe shi a kan teburinsa ba da kashe ko kwabo ba.

Da fari dai, a kwafe muhimman takardu a filashi tun ana iya ganin rubutu. Fuska ana sayenta a kasuwa, amma makin yara na shekara guda ba mai sayarwa.

Sa'an nan a cire caja, a bar kwamfuta ta yi aiki da batir kaɗai. In rawar ta tsaya, laifin caja ne, ko na wutar janareta mai hawa da sauka. In ba ta tsaya ba, a kashe a sāke kunnawa, a zuba ido lokacin da tambarin kamfani ya fito, kafin Windows ta tashi. In tun nan ta ke rawa, ciwon a jikin na'ura ya ke. In kuwa sai bayan Windows ta tashi, to, a zargi manhaja.

Game da manhaja, kamfanin Microsoft ya ba da wata dabara. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani akwati mai suna Task Manager zai buɗe. In akwatin yana tsaye cik, sauran fuska na rawa, wata manhaja ce da aka ɗora ba ta jitu da Windows ba, sai a cire ta. In har da shi a ke rawar, galibi laifin direba ne. Direba a nan ɗan shiri ne mai aikin tafinta tsakanin Windows da na'urar da ke zana hoto. Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B yakan farkar da shi. In abin ya dawo, a ɗora sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

Game da jikin na'ura kuwa, a haɗa kwamfuta da talabijin ta wayar HDMI. In hoto ya fito garau a can, na'urar zana hoto lafiya ta ke, saura fuska da wayarta. Wayar nan siririya ce, ta gaɓar da murfi ke juyawa ta ke bi, kullum aka buɗe aka rufe tana lanƙwasuwa. A motsa murfi sannu a hankali. In rawar tana sākewa da motsin, lalle waya ce, kuma a yawancin kwamfutoci ta fi fuska araha nesa. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: wasu MacBook Pro na 2016 haskensu ya riƙa lalacewa sabo da wayar gaɓar nan, har a 2019 kamfanin Apple ya shelanta gyara masu inci 13 kyauta.

In talabijin ma ya nuna layukan, musamman bayan kwamfuta ta yi zafi, a duba fanka. Ƙurar hunturu takan toshe mashigar iska, haka kuma ɗora kwamfuta a kan katifa.

Akwai kuma rawar da ido ba ya kamawa, sai dai ciwon kai ya biyo baya. Wasu fuskoki, in an rage haskensu, fitilar bayansu kunnuwa ta ke tana mutuwa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Ƙara haske yakan sauƙaƙa wannan.

Muna roƙon masu karatu su rubuta abin da kowane gwaji ya nuna, su tafi da takardar wurin mai gyara. Wanda ya ce, “Malam, ga abin da na gwada, waya na ke zargi,” ba a cika sayar masa da fuskar da ba ya bukata ba.