Allurar maiƙon gwiwa: Tana rage kumburi kuwa?

Dattawan da ciwon gwiwa ya tilasta wa yin sallah a kan kujera suna daga cikin masu zuwa asibitin Janar Amadi Rimi da ke Batagarawa a Katsina, ko su wuce asibitin ƙashi na Dala a Kano. Wasu daga cikinsu kan tambayi likita game da wata allura da aka ce tana mayar wa gwiwa maiƙonta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutane miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai, miliyan 365 daga cikinsu kuma a gwiwa ne.

A cikin lafiyayyar gwiwa akwai wani ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, wanda ke hana ƙashi gugar ƙashi. Sinadarin da ke ba shi yauƙin shi ne hayaluronik asid, wanda Karl Meyer da John Palmer suka gano a idon saniya a 1934. Idan guringuntsi ya soma zaizayewa, fatar da ke lulluɓe da gaɓar takan kumbura, ruwan kuma ya tsinke.

Wannan sinadari ake ɗurawa a gwiwa. Ana samo shi daga zankon zakara ko daga ƙwayoyin bakteriya, kuma Amurka ta amince da amfani da shi a 1997.

Abin lura shi ne ruwan allurar ba ya daɗewa, domin jiki yakan zuƙe shi cikin 'yan kwanaki. Saboda haka masana ke ganin idan sauƙi ya kai watanni, to ba santsin ne kaɗai dalili ba.

A ɗakin gwaje-gwaje an ga sinadarin yana manne wa wani gurbi a jikin ƙwayoyin halitta mai suna CD44, inda yake rage fitar sinadaran da ke hura wutar kumburi da masu cin guringuntsi.

To amma a jikin majinyata sakamakon bai kai yadda aka yi fata ba. Wani nazari da mujallar BMJ ta wallafa a 2022, wanda ya tattara gwaje-gwaje 169, ya nuna cewa a manyan gwaje-gwajen bambancin raɗaɗi tsakanin allurar da ta bogi bai wuce maki biyu cikin ɗari ba. A shekarar ce hukumar NICE ta Birtaniya ta shawarci likitoci da kada su bayar da ita, ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ma ba ta goyon bayan a riƙa yi wa kowa.

Allurar ba ta tsiro da sabon guringuntsi, kuma wani lokacin ita kanta takan sa gwiwa ta kumbura na 'yan kwanaki. Ga ta da tsada, a ƙasar da akasarin majinyata ke biya daga aljihunsu.

Idan gwiwa ta tara ruwa ta yi zafi, likitoci sun fi zuƙe ruwan su yi allurar sitiroyid, wadda ke aiki da sauri amma na 'yan makonni. Abin da suke fara bai wa majinyaci shawara a kai shi ne rage ƙiba da atisayen ƙarfafa naman cinya.