Sana'ar SEO: ta ina sabon mai digiri zai fara?

SEO aiki ne na gyara shafin intanet domin ya fito a sahun gaba idan mutane suka yi bincike a Google ko Bing. Ba sai da digirin kwamfuta ba. Wanda ya karanci Hausa ko aikin jarida ma zai iya, muddin ya iya rubutu kuma ba ya tsoron alƙaluma.

Za ka koyi gano kalmomin da jama'a ke nema, da gyara shafi ya buɗe da sauri a waya. Abin da ya fi wuya shi ne samun wasu shafuka masu daraja su riƙa nuni ga naka ta hanyar sanya mahaɗai zuwa gare shi, kuma a nan ake yaudarar sabbin shiga da sayen mahaɗai, alhali Google na hukunta shafin da ya yi haka.

Masu ɗaukar aiki sun fi duba sakamako fiye da takarda. Ka buɗe ƙaramin shafi a WordPress, ka haɗa shi da Google Search Console, wanda kyauta ne, ka bibiyi alƙalumansa na 'yan watanni. Tun 2024 Google ke ɗora amsoshin ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, don haka sai ka nazarci waɗanne shafuka take ambata.