Amsar Takardunku: Rigar Kaka A Tsohon Hoto

Wani mai sauraronmu daga Jibiya ya aiko da takarda, ya ce sun tsinci hoton kakansu a cikin adaka, ga rawani ga babbar riga. Yanzu gardama ta raba gida biyu, wasu na cewa basarake ne, wasu na cewa falke ne.

To malam, ɗauko hoton ka duba abu uku.

Na farko, rawani. In ka ga kunne biyu a tsaye bisa kai, wannan naɗin gidan sarauta ne. Malami da attajiri su ma suna naɗi, amma ba kunnuwa.

Na biyu, alkyabba. A da ba kowa ke saka ta ba, sarki ke yafa wa mutum ita ranar naɗi. Dubi hotunan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, za ka ga yadda take.

Na uku, ita kanta rigar. Aska takwas ko kore mai ƙyalli shaidar dukiya ce, ba ta sarauta ba. Ka lissafa mana: masaƙi ya saƙa, maɗinki ya yi watanni yana aikin allura, marini ya tsoma ta cikin baba sau da yawa, mabugi ya buge ta. Kowannensu sai an biya shi. Shi kuwa manomi, taguwa ce da malfa, wani ma warki.

Ba mu kaɗai ba ne tufafi ke nuna matsayinmu. A ƙasar Holan, inda ake yin atamfar nan 'yar Holan, wani mai zane, Rembrandt, ya zana masu duba ingancin rinannen yadi na birnin Amsterdam a 1662. Mutum biyar ne cikin baƙaƙen kaya da farar wuya da manyan huluna, don a lokacin baƙin rini mai kyau tsada gare shi. Na shida yana tsaye a baya, ba babbar hula. Shi ne baransu.

Sai dai a yi hattara. Mutane kan ari riga don ɗaukar hoto, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Kafin ku yanke hukunci, ku kai hoton wa dattawan gari, su suka san wanda aka naɗa. Kada riga ta ɓata zumunci. Shi kuma hoton, a raba shi da laima da gara.

Allah ya jiƙan magabata, amin.