Tagwayen Sinadarai Masu Daidaita Awon Jini

Hanta ce ke mayar da kolestarol ya zama asid ɗin madaciya, masu taimakawa wajen narkar da kitse a hanji. Auna kowannensu a jini aiki ne mai wuya, domin wani kaso yakan salwanta wajen tacewa.

Dabarar masana ita ce su ƙera wa kowane asid tagwai, galibi a maye gurbin ƙwayoyin haidurojin 4 da diyuteriyom, wato haidurojin mai nauyi. Tun kafin tacewa ake zuba sanannen adadin tagwan cikin jinin da aka ɗiba, don haka duk asarar da ta sami na jiki ta sami tagwan. Na'urar auna nauyin ƙwayoyi ta bambance su, a kwatanta, lissafi ya fito daidai. Irin wannan awo yana taimakawa wajen gano jariran da hantarsu ba ta iya haɗa waɗannan asid.