Daga Guangzhou zuwa Jega: Yadda canjin dala ke hawa kan kaya sau uku

Yawancin tocila da fulas da ake kasawa a kasuwar Jega sun keto teku ne daga China. Ɗan kasuwar da jarinsa bai kai ya cika kwantena ba yakan haɗa kayansa da na wasu a Guangzhou, ya biya gwargwadon filin da kwalayensa suka ci. Bayan makonni a ruwa, jirgi ya sauke su a tashar Apapa ko Tin Can da ke Legas.

A wannan tafiya, canjin dala na hawa kan kayan sau uku: wajen saye, wajen kuɗin dakon jirgi, da wajen kuɗin fito, domin Kwastam na lissafi ne da farashin canji na hukuma. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a Yunin 2023, duka ukun suka tashi.

Haɗakar ma na da nata haɗarin. Idan takardun mutum ɗaya suka samu tangarɗa, ana iya riƙe kwantenar baki ɗaya, kuɗin ajiya na taruwa kullum. A ƙarshe, manomin albasa na Aliero da magidancin Maiyama ne ke biya.