Kam'a da Alamomin da Ake Gane Ta

Duk almajirin da ya zauna karatun hadisi a zaurukan Kura ya ci karo da ambaton kam'a, domin Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'idu ɗan Zaidu, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya lissafa ta cikin mannu, ya kuma ce ruwanta maganin ido ne. Sai dai kaɗan ne suka san siffarta, har wasu kan zaci ita ce naman kaza da ke fitowa bakin suri da damina.

Ko da yake dangi ne, kam'a ba ta da laima balle kara. Dunƙule take kamar dankali, tana girma ƙarƙashin rairayin Sahara da Jaziratul Arab, manne da saiwar wani ɗan tsiro mai suna Helianthemum, kuma bayan ruwan hunturu, tsagewar ƙasa a kanta ita ke nuna wa makiyaya inda take.

Mafi shahara cikin jinsunanta biyu ne: Terfezia, wadda wasu 'yan'uwa Faransawa, Tulasne, suka bayyana a 1851, da Tirmania, wadda wani masani mai suna Chatin ya ware a 1892. Ta biyun fara ce, Larabawa na kiranta zubaidi, ta farkon kuwa galibi ja-ja ce. Amma launi shaida ce mai rauni. Hujja yankakkiya tana ƙarƙashin madubin ƙara girma, inda ƙwayoyin irin Tirmania suke sumul, jakar da ke riƙe da su ta koma shuɗiya idan an ɗiga mata aidin, alhali na Terfezia masu ƙaya ne ko ƙuraje ko zanen raga, jakarsu kuma ba ta sauya launi.

Wannan ilmi ya shafi manoman Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya sa gonaki cikin danshi rani da damina. Don haka wanda ya tono farin dunƙule a gonarsa kada ya yi masa ƙiyasi da kam'a; ya tsaga shi biyu, idan ya ga surar ƙaramar laima da kara a ciki, to jaririyar laimar kwaɗi ce, cikin irinta kuwa akwai masu kisa. Ko bai ga komai ba, wajibi ne ya kai wa masani kafin ya ci, balle ya ɗiga ruwansa a ido.