Yadda Kuɗi Ke Jan Ragamar Binciken Duniyar Mars

Tun daga shekarar 1965, lokacin da kumbon Mariner 4 na Amurka ya gifta ta kusa da duniyar Mars, maƙwabciyar tamu, ya aiko da hotunanta, kasafin kuɗi ne ke fayyace irin tafiyar da za a yi can.

Kumbunan Viking biyu da suka sauka a 1976 sun lashe kimanin dala miliyan dubu ɗaya. Da kumbon Mars Observer ya ɓace a 1993, sai hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta koma ga ayyuka masu rahusa. Pathfinder na 1997 ya ci kimanin dala miliyan 265, ya kuma yi nasara. Sai dai araha ba ta ado: a 1999 an yi asarar Mars Climate Orbiter saboda wani sashen injiniyoyi ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, wani kuma da na mita.

Indiya ta isa can a 2014 da kimanin dala miliyan 74 kacal, ko da yake kumbonta kewaye ya yi, bai sauka ba.

Babban aikin da ke gaba shi ne kawo duwatsun Mars gida. Motar bincike ta Perseverance ta fara tara su tun 2021, amma da aka ƙiyasta kuɗin ɗauko su zai iya kai dala miliyan dubu 11, NASA ta ce a 2024 ya yi yawa, ta nemi shawarar kamfanoni masu zaman kansu. Ƙasar Sin kuwa ta tsara harba nata kumbon, Tianwen-3, wajen 2028. Jinkiri a nan na da tsada, domin damar harba kumbo zuwa Mars sau ɗaya take zuwa cikin wata 26.